Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwiwar Mai Keke Kafin Aiki da Bayansa

Masu bin wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda lokotoro ya ce sai an yi wa gwiwa aiki. Kafin labari ya ci gaba, kashin yau na gwiwar ne ita kaɗai, don ƙannena masu tuƙa keke a Yamai da Tawa tambayarsu guda ce: me ake yi kafin aikin, kuma yaushe ake komawa kan sirdi?

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Tuƙi ba ya tsinka ta, dira ƙafa ke tsinka ta: taya ta nutse cikin rairayi, ka kafa ƙafa a ƙasa, jiki ya juya, tafin ƙafa ya tsaya cak. Sai ka ji ƙas, kafin dare gwiwa ta kumbura sumtum. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, don haka sau da yawa yakan fito lafiya lau. Hoton IRM, na'urar da ke ganin nama, shi ne ke nuna jijiyar, da faifan guringuntsin da ake kira menisk. Mai ɗori gwani ne a karaya, amma nan ba ƙashi ne ya karye ba, kuma ɗaure ƙafar da kara na makonni sai ya ƙara sandarar da ita.

Kada ka matsa a yanka ka da wuri. Gwiwar da aka yi wa aiki tana kumbure ita ce ke ƙagewa daga baya. Yawanci ana jiran mako 3 zuwa 6, har kumburi ya saɓe, ƙafa ta miƙe daidai da ƴar uwarta, naman gaban cinya ya farka. Ka zauna kan tabarma, ka miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga 5, ka saki. Sau 10, safe da rana da dare. Mai shan taba ya aje ta tun yanzu, don tana jinkirta haɗewar nama. Mai ciwon sukari ya daidaita shi. In kana shan asfirin ko wani maganin gargajiya, ka faɗa wa mai allurar barci. Abinci kuwa ana barinsa aƙalla awa 6 kafin shiga ɗakin aiki.

Gida ma yana son shiri, kuma nan ne mutane ke sakaci. Bayan gida na tsuguno ba zai yiwu ba na watanni, sai a nemi kujera mai rami. Salla a kan kujera za ka yi ta, sujada da zaman tahiya su jira izinin lokotoro. Katifar ƙasa a ɗora ta kan gado. Sandunan dogarawa 2, a auna su da tsayinka. Ka yi magana da mai sayar da ƙanƙara na unguwa, ka tanadi kular aje ƙanƙara, don in wuta ta ɗauke a watan Afrilu firiji ba ya cika alkawari.

A aikin kansa, ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Ana ciro wata daga bayan cinyarka ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashin sama da na ƙasa, a zura ta, a ɗaure.

Mako 2 na farko su ne suka fi nauyi. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, sau 4 ko 5 a yini, ba kan fata kai tsaye ba. Ƙafa a ɗaga ta sama da ƙirji. Ga kuskuren da ya fi ba ni tausayi: mai jinya, saboda ƙauna, sai ya cusa matashi ƙarƙashin gwiwa don ciwo ya lafa. Yana lafawa kuwa, amma gwiwar tana sabawa da lanƙwasa. Matashi ƙarƙashin diddige ake sa shi, bayan gwiwa ya rataya a iska har nauyin ƙafar ya miƙar da ita. Mu masu keke hankalinmu na kan lanƙwasawa, don ita ke juya feda. Lanƙwasa tana iya biyowa a hankali. Miƙewar da aka rasa a farko kuwa da wuya take dawowa, kuma wanda ya rasa ko digiri 5 zai riƙa ɗingishi, gaban gwiwa na masa ciwo.

Ka riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa duk lokacin da kake farke. In an rubuta maka allurar hana daskarewar jini, kada ka tsallake ko guda. Dambubu ya yi tauri yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya haura 38, ko miki na tsatsar ruwa: likita nan take, ko tsakar dare ne. Mutumin Tawa da aka yi wa aiki a Yamai kada ya yi gaggawar shiga bas. Sama da kilomita 500 ƙafa a naɗe, ta Doso da Ƙonni, hanya ce ta daskarewar jini. In tafiyar ta zama dole, a nemi wurin miƙe ƙafa, a sauka a taka a kowane zango. Zare ana cire shi wajen kwana 10 zuwa 14, kafin nan ruwa kada ya taɓa mikin.

Keken da ba ya tafiya, irin na wajen kine, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi bayan aiki, shi ne farkon komawa. Kafin feda ta zagaya cikakke sai gwiwa ta lanƙwasa kamar digiri 110. Ka ɗaga sirdi sama da yadda ka saba, ka cire nauyin feda gaba ɗaya, ka riƙa lilo da feda gaba da baya. Zagayen farko yakan zo ta baya. Minti 5 zuwa 10 sun isa. In an ɗinke menisk, lissafi ya canza: sau da yawa ana hana wuce digiri 90 har mako 4 zuwa 6, kuma maganar lokotoron da ya ga cikin gwiwarka ita ce gaba da tawa.

Daga mako na 6 zuwa na 12 nake roƙonku ku ji tsoro. Ciwo ya tafi, an aje sanduna, zuciya na kwaɗayin hanyar Tilaberi da sanyin safiya. A daidai lokacin ne sabuwar jijiyar ta fi rauni, don jiki na rushe ta yana sake gina ta. Dira ƙafa guda ba shiri ta isa ta mai da mutum ɗakin aiki. Sauri ya haifi nawa. Hawa bayan kabu-kabu ma a bar shi.

Titi sai wajen wata 3, da yardar kine. Kwalta mai laushi, ba rairayi, ba hawa, ba miƙewa tsaye kan feda. Giyar keke mai sauƙi, juyi 80 zuwa 90 a minti. Feda ta zama shimfiɗaɗɗiya, don mai maƙale takalmi sai an murɗa gwiwa ake fita daga cikinta. Tsayin sirdi: ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Minti 20 a fitar farko, washegari da safe ka kwatanta gwiwoyin biyu. In ta aikin ta fi kumburi, ka wuce gona da iri, ka rage rabi. Ƙwallon ƙafa da kokowa, duk abin da ke murɗa gwiwa, sai bayan wata 9.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga daren da aka kwana a likita kafin aiki.