Tsayuwa kafin bugu: abin da na koya a filin golf na Legas

Wanda bai san wasan golf ba yakan ɗauka ƙarfin damtse ne ke kai ƙwallo nesa. Mu da muke ɗaukar wa 'yan wasa jaka a nan Legas, muna bin su rami 18 da sanduna 14 a kafaɗa, ƙafafu muke fara kallo. Tun mutum bai ɗaga sanda ba, sau da yawa mun san inda ƙwallonsa zai faɗa.

Wani dattijo da muke zaune unguwa ɗaya a Obalende, wanda ya tsufa a wannan sana'a, shi ya buɗe mini ido. Yakan ce, "Yaro, bar kallon tuta, kalli kafaɗun mutumin." Na daɗe ina juya maganar kafin ta zauna mini. Yawancin masu koyo suna saita jikinsu ne kai tsaye da tutar da ke kafe a ramin da ake son ƙwallo ya shiga, alhali fuskar sanda ce kaɗai ya kamata ta dubi tuta. Jiki nasa layin daban. Kamar layin dogo ne: ƙwallo da tuta suna kan ƙarfe ɗaya, ƙafafu da gwiwoyi da ƙugu da kafaɗu suna kan ɗayan, suna tafiya tare ba sa haɗuwa. Ga mai bugu da hannun dama, layin jikinsa zai wuce ta hagun tuta kaɗan.

Inda abin yake da wuya shi ne ido na ruɗin mutum idan ya tsaya ta gefe. Na sha ganin ɗan wasa ƙafafunsa sun nufi dama, kafaɗunsa sun buɗe hagu, shi kuwa ya haƙiƙance daidai yake. In ƙwallo ya karkace sai ya yi ta sauya riƙo, ko ya sayi sabuwar sanda mai tsada. Abin yana damuna ƙwarai, don gyaran bai fi ya gusar da ƙafa kaɗan ba. Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasanni 18, yakan tsaya bayan ƙwallo ya zaɓi wata 'yar alama a gabansa kaɗan, ganye ko tabon ciyawa, ya saita fuskar sanda da ita, sannan ya kafa ƙafafu. Sanda tukuna, jiki daga baya. Ban ga dabarar da ta fi wannan sauƙi ba.

Faɗin tsayuwa ba ya buƙatar dogon bayani: kimanin faɗin kafaɗu ga matsakaitan sandunan ƙarfe, a ƙara buɗewa ga babbar sandar bugun farko, ƙwallo kuma ya matso daidai dugadugin hagu. A rusuna daga ƙugu, ban da ƙusumbi, gwiwa ta ɗan saki, hannuwa su sauko da kansu.

Nauyi ya zauna tsakiyar tafin ƙafa. Damina a Legas ba ta ragawa kowa a nan. Ƙasa ta jiƙe, ciyawa na santsi, wanda ya jingina kan yatsu sai ya yi gaba, na kan dugadugi ya yi baya. A gangare ma haka: in ƙwallo ya fi ƙafa tudu yakan karkata hagu, in ya fi ta kwari ya yi dama. Ni a ƙarshen bugu nake auna mutum. Nauyi ya koma ƙafar hagu, dugadugin dama ya tashi, ƙirji na fuskantar tuta, ya kuma iya tsayawa cak har ƙwallo ya sauka. In ya yi tangaɗi, to ya buga fiye da abin da tsayuwarsa za ta ɗauka.

Tun 2019 doka ta hana mai ɗaukar jaka tsayawa bayan ɗan wasa a kan layin bugu da zarar ya fara kafa ƙafa. Ina ganin an kyauta, saiti aikin mai bugu ne. Don haka a wurin atisaye nake yin nawa. Nakan shimfiɗa sanda ɗaya a bakin yatsunsa, na ce, "Ranka ya daɗe, zo nan baya ka ga inda ka nufa." Da yawa sukan yi shiru, su koma su gyara tsayuwa da kansu.