Jarka Goma Sha Biyu

Naira hamsin ce ta haɗa ni da Baba mai ruwa, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

A azumin 2024 ne, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda ya yi wannan azumin a Kano ba sai an ba shi labari ba. Tun hantsi iska take komawa hucin tanda, da azahar kuwa ma'aunin zafi ya haura 40, kwalta har wani walainiya take yi. Wuta sai dai a ji labarinta. Famfon layinmu ya daɗe da mantawa da mu, saboda haka girki da wanki da alwala duk a hannun 'yan garuwa suke.

Ran nan bayan azahar uwargida ta ce ruwa ya ƙare, ga aikin buɗa-baki ya ƙarato. Na aiki yaro ya kirawo Baba. Dattijo ne mutumin Damagaram, ɗan ci-rani, duk shekara bayan girbi yake zuwa, ya koma gida idan damina ta faɗi. Ya turo kurarsa cike, ya tsaya a ƙofar gida, ya ce jarka ta ƙara kuɗi. Mai burtsatse ya ƙara musu, domin da janareta yake jan ruwan, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 bai sake saukowa ba. Ni ina cikin inuwar zaure da mafici a hannu, shi yana tsaye a rana, na shiga jan ciniki. Na ja, na ja, har na ce masa ai 'yan garuwa ba shi kaɗai ba ne a garin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Alhaji."

Akwai ɗan tudu a bakin kwalbatin ƙofar gidana. Ya tura kurar za ta hau, ta dawo. Ya sake, ta sake dawowa. A karo na uku sai ya saki ƙarfen, ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da tayar.

Na fito da gudu, wai in kawar da kurar daga hanya. Ina kama ƙarfen na sake shi, domin ya ɗau zafi kamar marfin tukunya. Na naɗe hannu da bakin riga na danna da iya ƙarfina, ko gezau. Jarka goma sha biyu ce a ciki, kowace lita 25, wato kilo 300 ke nan, nauyin buhun shinkafa shida, ban da nauyin kurar kanta. Wannan ne abin da mutumin da ya kusa haifata yake turawa sawu bayan sawu da azumi a bakinsa, ni kuma ina ƙwace masa naira hamsin.

Allah Ya sa maƙwabciyarmu nas ce, kuma ranar tana gida. Ta sa aka ɗauke shi zuwa zaure, aka kwance masa riga, aka jiƙa zani aka lulluɓa masa, ana zuba ruwa a wuya da hammata, yara suna fifita. Ta riƙa yi masa tambayoyi, sunansa, garinsu, yau wace rana. Daga baya ta ce mini da gangan take yi. Muddin mutum yana gumi yana amsa magana daidai, galabaita ce, inuwa da ruwa za su dawo da shi. Idan ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi zau, to zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai a ci gaba da sanyaya shi a garzaya asibiti, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Baba ya amsa duka. Ta haɗa lita guda ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta miƙa masa. Ya kau da kai, wai la'asar ta kusa, ba zai zubar da azuminsa ba. Sai da limamin masallacinmu ya zo ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Baba, sha. Wanda ya ji tsoron halaka an yi masa rangwame, ka rama bayan salla." Sannan ya karɓa da hannu biyu.

Cikin makon ne na ji a rediyo cewa zafin garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗun farko na watan. Da a da ne, da na ce Allah Ya kyauta na murɗa tasha. Wannan karon tafin hannuna bai gama warkewa ba.

Bayan salla na ɗaura niyyar ajiye ruwa a ƙofar gida saboda masu aiki a rana. Farkon dabarata ba ta yi ba. Na riƙa sayen fiya-wata da ƙanƙara ina zubawa a kula, kwana goma aljihuna ya yi kuka, domin a bazara ƙanƙara zinariya ce, ga ledoji sun cika kwata. Mahaifiyata ce ta yi mini dariya ta ce, "Kai da boko. Randa fa?" Na sayo babbar randa, na kafa ta cikin yashi a gindin darbejiyar ƙofar gida, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, busasshiyar iska ta kwashe shi ta tafi da zafin, shi ya sa ta fi yin sanyi a bazara fiye da lokacin damina. Da wannan hikimar ta kakanni Malam Mohammed Bah Abba ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Mu kuwa muna nan muna jiran firji.

Moɗa ta ɓata sau biyu kafin in ɗaure ta da igiya. Nas ta zo ta ga kowa yana tsoma moɗar da ya sha da ita, ta ce in ina son raba amai da gudawa a unguwa to na kama hanya. Aka koma moɗa mai dogon hannu ta ɗiba, kofuna biyu na sha, randar kuma a wanke ta kowace safiya.

Sai ga mutanen da shekara da shekaru nake wucewa ban taɓa duban fuskarsu ba. Mai facin taya na bakin titi, wanda inuwarsa ɗan kwano ne guda. 'Yan bola-jari. Leburorin da suke kwaɓa siminti a kangon bayanmu, ƙafafunsu duk sun tsage. 'Yan dako masu baro. Wata rana masu gyaran wuta suka zo, ɗaya ya hau fal da tsakar rana, ya fi awa a sama, mutanen layi suna ƙasa suna ta yi masa baƙar magana kamar shi ne yake riƙe da makunnin ƙasar nan. Da ya sauko rigarsa ta yi fari da gishirin gumi. Na nuna masa randa. Ya sha kofi uku bai numfasa ba, ya ce rabon da a ba shi wani abu a wurin aiki ban da zagi har ya manta. Ban ce komai ba, domin ni ma na sha yi.

Ina ta jin daɗin kaina, har ranar da na ce wa Baba ban taɓa ganin ya sha daga randar ba. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ruwa kam ai shi nake turawa."

Na tambaye shi to me zan yi masa. Ya yi shiru, irin na wanda bai saba a tambaye shi ba. Can ya ce abu biyu ne. A daina kiransa tsakanin azahar da la'asar, domin ba ya iya cewa a'a, in ya ƙi wani za a kira, gobe kuma an manta da shi. Sannan a ba shi kuɗinsa a hannu lokacin da ya juye ruwan. "Ka dawo anjima" tana nufin ya sake taka rana sau biyu a kan kuɗin da ya riga ya yi wa gumi, wani gidan ma a ce maigida ya fita, wani a ce za a yi taransifa, shi kuwa ko asusu ba shi da shi. Duk mun haddace hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. A lissafin da na yi a ranar, Baba yana bin gidana kuɗin sawu uku.

A Saudiyya da Daular Larabawa doka ce ta hana sa mutum aiki a rana da tsakar rana daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ɗan garuwa kuwa ba shi da kamfani, ba shi da ofishin kai ƙara. Wanda yake tsara masa lokacin aiki shi ne duk wanda ya aiki yaro ya kirawo shi. Na sayi ƙarin duro guda, muka koma lissafin ruwa tun dare, Baba ya riƙa kawowa bayan asuba. Na bi gidajen layinmu da maganar. Gida huɗu suka yarda. Wani maƙwabcina ya ce ai sun saba da rana, jikinsu ba irin namu ba ne. Na ce ya zo ya taɓa ƙarfen kurar da azahar, har yau bai zo ba.

Tudun kwalbatin ma na sa an zuba masa siminti, ya zama gangare. Da damina ta faɗi Baba ya zo sallama zai tafi gona. Ya tsaya ya dubi wurin, ya taka shi da ƙafa, ya ce a gaida Hajiya da yara, in da rai sai bayan girbi. Ya dawo a watan Nuwamba da ƙullin dabino a leda, ya kuma sanar da ni cewa jarka ta sake ƙara kuɗi. Na shiga ciki na ɗauko masa.