Na manta ban rubuta wace ce uwar ba

Wata bakwai na aikin digirina na biyu saboda ɗan rubutun jikin kwalba suka salwanta, kuma har yau in na ga baƙin alƙalamin nan mai kaurin rubutu da ake ce wa maka sai raina ya ɓaci.

Aikin ba wani mai wuya ba ne a takarda. Ɓeraye jinsi biyu muke da su a ɗakin dabbobin sashenmu a nan Kaduna, farare da baƙaƙe. Zan haɗa fara da baƙi, in haɗa baƙa da fari, in auna jariran ranar haihuwa, in ɗebi hantarsu a duba hatimin metil, wato alamar sinadari da ke manne wa DNA, da ke tsakanin ƙwayoyin gado biyu, Igf2 da H19, a kuromozom (ƙunshin DNA) na 7, don a ga ko kwafin uwa ne ko na uba ke ɗauke da shi. Kiwon ya tafi lafiya. Cikin ɓera mako uku ne. Kullum daga Kawo nake hawo Keke da asuba, zafin watan Afrilu ma bai kashe min ko ɗaya ba, don Baba mai kula da ɗakin ya fi ni sanin halinsu.

Abin da na rubuta a jikin kowace kwalba shi ne "F×B", wato fari da baƙi, da lamba. Shi ke nan. Wadda uwarta fara ce F×B, wadda uwarta baƙa ce ita ma F×B. Jariran kuwa jajaye ne tsirara, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, duk kamarsu ɗaya. Ashe a ƙa'idar masu kiwon ɓera, sunan uwa ake fara rubutawa. Baba ma ya taɓa tambayata, "Ɗana, waɗannan na wace uwar ce?" Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ni da kundina kacokan yake magana a kan cewa ba ɗaya ba ne!

Darasin Mendel, uban ilimin gado, ne ya zauna min a ka tun sakandare: kwafi daga uwa, kwafi daga uba, ba ruwan jiki da inda kowanne ya fito. Ga yawancin ƙwayoyin gado haka ne. Amma tun 1984 su Surani a Ingila da McGrath da Solter a Amurka suka nuna ɗan tayin ɓera ba ya rayuwa in gadonsa duka na uwa ne ko duka na uba. Mai gadon uba zalla mabiyiyarsa kan ɗan yi girma, shi ya tsumbure. Mai na uwa zalla akasin haka. A 1991 aka gano Igf2 kwafin uba kaɗai yake aiki, H19 kuma na uwa. Ɓeran da ya gaji lalataccen Igf2 daga uba kan zo da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin 'yan'uwansa, wanda ya gaje shi daga uwa kuwa lafiya lau. Duk wannan da hannuna na rubuta shi a babi na biyu. Na haddace, ban gane ba.

Sai da na sayar da babur ɗina na biya kuɗin gwajin bisalfayit, mai nuna inda metil yake, a wajen gari. Sakamakon ya zo tsaf, abin sha'awa: a kowane samfur kwafi ɗaya ɗauke da metil, ɗayan fayau. Sai dai a wasu kwafin baƙi ne mai hatimin, a wasu na fari. Kwana biyu ina zargin masu gwajin da cakuɗa min samfur, har na rubuta musu saƙo mai zafi, Allah Ya sa ban tura ba.

Dakta mai kula da aikina ce ta duba ta ce, "Ina takardar da ta nuna uban kowanne?" Na yi shiru. Can dabara ta faɗo min, na ce, "Ranki ya daɗe, ai hatimin a wurin nan na uba ne, duk kwafin da ke da metil shi ne uban." Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Abin da aka sa ka ka gwada, shi za ka mayar shaida? Kai ne mai ƙara, kai ne alƙali?" Ta ƙara da cewa nauyin da na auna ma bai da amfani, tunda mahaifar uwa kanta tana taɓa girman ɗa, ni kuma ban san wace uwar ba. Akwai hanyar gano uwa ta DNA ɗin mitokondiriya, wani ɗan sashe na ƙwayar jiki, da yake ta wajenta kaɗai ake gadonsa, amma wani kuɗin ne, babur kuma ɗaya nake da shi.

Da na sako aikin daga farko, jan salatif na sa wa kejin uwa fara, shuɗi na uwa baƙa, kuma ba na taɓa jariri sai na rubuta lambar uwarsa da ta ubansa a littafi da jikin kwalba, da fensir, don barasar gwaji tana goge rubutun maka. Duk ɗalibin da ya zo neman shawara, kafin ya tambaye ni sinadari nake cewa ya miƙo littafinsa in ga yadda ya rubuta haɗin.

Ranar da na ba Baba labari dariya ya yi ta yi. Ya ce su a ƙauye ko yaro ya san alfadari ɗan goɗiya ne da jaki, in aka juya, doki ya hau jaka, abin da za a haifa daban ne. Har na kare kundin, in ya hango ni da kwalba sai ya ɗaga murya: "Ɗana, wace ce uwar?"