Takardar da ke jikin allo ba ta da bakin ƙarin bayani

A ƙaramin gari na karkara labari ba ya wuyar yaɗuwa, isarsa daidai ne ke da wuya. A ce taron gyaran rijiya ranar Laraba ne da yamma, kafin maganar ta kai ƙarshen gari ta koma Alhamis da safe, wurin taron ma ya sauya. Amfanin rubutacciyar sanarwa da ake liƙawa a allon gari ke nan: ita ce ake komawa a duba idan gardama ta tashi. Amma za a karanta ta ne a lokacin da mai ita ba ya wurin, wataƙila bayan kwana biyar, kuma mai karatun yana tafe da kaya a hannu. Duk tambayar da takardar ta bari a buɗe, babu mai amsa ta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rana. "Gobe", "jibi" da "mako mai zuwa" kalmomi ne na baki, a kan takarda kuwa guba ne, domin takarda ba ta san ranar da ake karanta ta ba. A rubuta sunan ranar, kwanan wata, watan da shekarar, sannan a buɗe kalanda a tabbatar sun dace da juna. Sanarwar da ta ce Talata 14 ga wata alhali 14 ɗin Laraba ce, raba jama'a biyu take yi, rabi su zo yau rabi su zo gobe. Lokaci kuma a haɗa shi da "na safe" ko "na yamma". A ƙasan takardar, can gefe, a sa ranar da aka liƙa ta da ƙananan haruffa. Wannan ɗan layin shi ke hana tsohuwar sanarwa yaudarar mutane.

Sai layin farko. Yawanci ana ɓata shi da kalmar "SANARWA" da manyan baƙaƙe, wani lokaci har sau uku. Ai duk abin da ke jikin allon, sanarwa ne, don haka kalmar ba ta gaya wa kowa komai ba. Layin da ya fi girma na abin ne da kansa: "Akuya ta ɓata", "Injin ban ruwa na sayarwa", "Rigakafin dabbobi". Wanda abin ya shafa zai matso, wanda bai shafa ba zai wuce, kuma ko shi ya tafi da labarin a kansa, ya kai wa wani.

Girman harafi yana da ƙa'idar da masu rubuta allunan talla ke aiki da ita: tsayin santimita 2.5 ga kowace tazarar mita 3. A kwamfuta, lamba 72 ta girman rubutu ita ce kusan santimita 2.5, sai dai babban baƙi ba ya cika wannan tsayin, kamar kashi biyu cikin uku yake ɗauka. Saboda haka kanun da ake son a karanta daga mita 3 yana buƙatar lamba 100 ko kusa da haka. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. A wannan girman, layi ɗaya ba zai ɗauki fiye da haruffa tara ko goma ba idan takardar tana tsaye, sha uku ko sha huɗu idan an kwantar da ita. Ke nan kanu kalma biyu ne ko uku, ba jimla ba. Sauran bayani a sa shi a lamba 24 zuwa 28, baƙi a kan fari, a bar fili tsakanin layuka. Idan da hannu za a rubuta, a yi amfani da baƙar maka mai kaurin baki wadda ruwa ba ya wankewa, a ja layi da fensir tukuna don kada rubutun ya gangara.

Ruwa da rana su ne abokan gabar takarda. Firinta mai tawadar ruwa, raɓar dare ɗaya ta isa ta narkar da lambar waya ta koma tabo. Injin kwafin takardu da firinta mai garin tawada narkar da garin suke yi da zafi ya manne a jikin takarda, shi ya sa rubutunsu ke jure danshi. Jan launi da rawaya su ne farkon kodewa a rana, don haka kada a rubuta kwanan wata ko lamba da su komai kyansu. Idan za a sa takardar cikin leda, bakin ledar ya kalli ƙasa. Ya kalli sama kuwa, ta zama jakar tara ruwa. Wadda aka rufe da roba a injin zafi, a bar mata gefen roba kamar santimita ɗaya, ƙusa ta bi ta gefen, domin da zarar an huda ta cikin takardar, danshi ya sami ƙofa. A kafe kusurwa huɗu, ba biyu ba, iska ta ƙasa take ɗagowa. Tsakiyar takardar ya zauna kamar santimita 150 daga ƙasa. Akwatin allo mai gilashi kuma yana son ƙananan huda a ƙasansa, in ba haka ba gumi ya rufe gilashin da safe, a daidai lokacin da mutane ke wucewa.

Cigiya ta fi komai bukatar natsuwa, ga shi kuma ita ake rubutawa cikin tashin hankali. Tsohuwar sana'a ce: a bangon Fomfei, garin Italiya da aman dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an sami rubutun wani mai shago yana cigiyar tukunyarsa ta tagulla, ya sa lada ga wanda ya dawo da ita, da wani ladan ga wanda ya nuna ɓarawon. Abin da ake bukata bai sauya ba tun lokacin. Idan dabba ce, a faɗi irinta, mace ce ko namiji, launi, girma, inda aka gan ta na ƙarshe da ranar. "Farar akuya" ba kwatance ba ne a garin da fararen awaki suka yi yawa. "Farar akuya mai baƙin wuya, ƙahon hagu a karye, tana da ciki" shi ne kwatance. Sannan a ɓoye alama ɗaya, kamar tsagar kunne ko tabo a cinya, kada a rubuta ta ko'ina. Wanda ya kira ya ce dabbar tana hannunsa, a tambaye shi wannan alamar. Mai gaskiya zai leƙa ya faɗa, mai neman a turo masa kuɗin mota zai fara kame-kame.

Wanda ya tsinci abu kuma akasin haka zai yi, ya taƙaita. "An tsinci waya a hanyar kasuwa ranar Asabar, mai ita ya zo da kwatance." Idan ya zayyana launi, iri da tsagewar gilashi, ya ba maƙaryaci amsar jarrabawa ke nan tun kafin a tambaye shi.

Cigiyar mutum daban ce, musamman yaro ko tsohon da ya rikice. A fara sanar da hukuma kafin a nemi takarda. A sa hoto na kwanan nan, tufafin da ke jikinsa, tsayinsa, da duk wata larura da wanda ya gan shi ya kamata ya sani, kamar rashin ji ko rashin magana. Lambar waya ɗaya tak, ta babban mutum mai natsuwa, wayar kuma ta kasance da caji dare da rana. Lambobi uku na nufin mutum uku kowanne riƙe da guntun labari, babu mai cikakke.

Tallar kayan sayarwa a ƙaramin gari tana da wani abu da babban birni ba shi da shi: mai saye da mai sayarwa za su ci gaba da haɗuwa a hanya shekara da shekaru. Don haka a faɗi aibin kaya a cikin tallar. Inji ne, a rubuta sunan kamfanin da ya ƙera shi, ƙarfinsa, shekarunsa a hannu, da abin da aka taɓa gyarawa. "Yana tashi bugu ɗaya, amma yana ɗan shan mai" ya fi "sabo fil" jawo mai saye na gaske, kuma yana rufe bakin rigima daga baya. Fili ko gona, a ba da tsawo da faɗi da mita, a faɗi irin takardar da ke akwai, a ce ko mota tana shiga da damina. Amfanin gona, a faɗi nauyi ko ma'auni da shekarar girbi. Kuɗin ma a rubuta shi. Masu ɓoye farashi suna ganin dabara ce, alhali kira ashirin suke jawo wa kansu daga mutanen da ba su da niyyar saye, mai niyyar kuma ya ji nauyin tambaya ya haƙura.

Lambar waya a raba ta gida-gida, uku ko huɗu, don ido ya riƙe. Kafin a buga kwafi, a ba wani takardar ya kira lambar daga abin da ya gani a rubuce. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kashe aikin gaba ɗaya, kuma mai lambar ba ya ganin kuskurensa don ya haddace ta. Dabarar yanka ƙasan takarda zuwa 'yan falle takwas ko goma da za a yage a tafi da su tana aiki, da sharaɗin kowane falle ya ɗauki sunan kayan tare da lambar. Guntuwar takarda mai lamba zalla, bayan kwana biyu a aljihu babu mai tuna ta mece ce.

'Yan damfara ma suna karanta allo. Saƙon shigar kuɗi ana ƙirƙirarsa, don haka kada kaya su bar hannu sai an duba asusu an ga kuɗin a ciki. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, a mayar masa da ragowa, shi ma a duba asusun tukuna. Wanda kuma ya ce an turo wata lamba a wayarka, ka karanto masa don ya tabbatar kai ne mai tallar, asusunka yake son ƙwacewa. Kada sanarwa ta nuna cewa gida zai zama babu kowa daga rana kaza zuwa rana kaza.

Ba kowa ke karatu ba, kuma ba kowa ke bi ta gaban allo ba. Sanarwar da ta shafi gari duka, kamar ɗauke ruwa, rufe gada ko zuwan ma'aikatan lafiya, dole ta bi ta murya: lasifika, rediyo, ko a faɗa a wurin taruwar jama'a. Rubutun kunne ba irin na ido ba ne. Jimloli gajeru, rana da wuri a faɗe su a farko a maimaita a ƙarshe, lamba a karanta sau biyu a hankali. A karanta shi da ƙarfi ana duba agogo; abin da ya wuce rabin minti, ƙarshensa kawai za a riƙe.

Waya ta sauƙaƙa yaɗawa, ta kuma tsananta matsalar kwanan wata. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya a 2019, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya, amma duk da haka cigiyar yaron da aka samu tuntuni takan dawo bayan shekara biyu tana tayar da hankalin mutane. Maganin shi ne cikakken kwanan wata da sunan garin su kasance a cikin saƙon, idan hoto ne a rubuta su a jikin hoton. A tura rubutu tare da hoton, saboda inda sabis ke da rauni hoto ba ya buɗewa. Ga masu ƙananan wayoyi, saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ ya shiga, sai ya koma 70, saƙon ya rabu kashi-kashi, wasu tsofaffin wayoyin ma akwati suke nunawa a madadin harafin. A nan kaɗai ya dace a haƙura da lanƙwasar, a kuma kauce wa kalmomin da ma'anarsu za ta rikice ba tare da ita ba.

Allon kansa yana bukatar mai kula, mutum ɗaya da kowa ya sani. Allon da babu mai shi, cikin wata biyu ya cika da takardun da suka mutu, ido ya saba da su, har sabuwar sanarwa mai muhimmanci ta shige ba a lura ba. Mai kula ya raba allon: gefe ɗaya na sanarwar hukuma da ta lafiya, gefe na cigiya, gefe na saye da sayarwa. Ya sa wa'adi, kwana 14 ya isa ga talla, sanarwar taro kuma a cire ta washegarin taron. Ya ƙi karɓar takardar da ba ta da sunan mai ita, da wadda ke kiran wani ɓarawo ko maci bashi da suna, da tallar aikin da sai an biya kuɗi kafin a ɗauka, da maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta. Zargi a rubuce a gari ƙarami ba ya gogewa ko an yage takardar, kuma yana iya kai mai allon gaban shari'a tare da mai rubutun.

Idan an sami abin da ake cigiya ko kaya sun shiga, kada a zare takardar a ɓoye. A rubuta "An samu" ko "An sayar" a kanta da babbar maka, daga kusurwa zuwa kusurwa, a bar ta kwana biyu don masu nema su daina nema, sannan a cire ta har da ƙusoshin. Duk inda aka tura saƙon farko a waya, a bi shi da na biyu a ranar, a gaya wa mai lasifika shi ma.