Abin da dashen azevinho ya koya mini a tsibirin San Migel

Na yi aikin sa kai a gabashin San Migel, ɗaya daga tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, a gangaren Pico da Vara, dutse mai tsayin mita 1,103. Ƙungiyar SPEA mai kula da tsuntsaye tana gyaran dajin nan tun 2003. Ni kuwa bishiyar azevinho ce ta kai ni, mai ganye kauri mai sheƙi da jajayen 'ya'ya, wadda irinta ba ya tsiro ko'ina sai a waɗannan tsibirai.

Dashen kansa ba wuya. Wahalar tana wajen share wuri. Conteira, wata dangin citta da aka kawo daga Himalaya don adon lambu, ta rufe ƙasa ruf. Saiwarta takan hau kan juna har iri ya rasa inda zai taɓa ƙasa, kuma guntu ɗaya in ya tsira sai ya sake toho. Ga itacen incenso daga Ostireliya, wanda aka shigo da shi don kare gonakin lemu daga iska, ya tsallake shinge ya haye duwatsu. Sarewa kawai ba ta kashe shi, sai an shafa magani a kututturen. Hazo da taɓo kuwa kullum ne.

Azevinho akwai namiji akwai mace, kamar dabino, saboda haka bishiya ɗaya tilo a tsakiyar baƙin itatuwa ba ta da wani amfani ga daji. Girmanta kuma a hankali ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne batun priolo, ɗan tsuntsun da babu shi ko'ina a duniya sai wannan lungu. A ƙarshen hunturu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, tohon furen azevinho yake ci. Amma yana kuma cin irin Clethra, baƙuwar bishiya daga Madeira wadda mu muke sarewa. Don haka, a ganina, gaggawa ɓarna ce: a share yanki kaɗan, a dasa, a jira, sannan a matsa gaba.

A 2016 an sassauta matsayin priolo a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Duk da haka tsuntsaye suna ɗauko irin conteira daga kwarin da ba a taɓa ba, shi ya sa filin da aka share bana ma sai an koma masa da adda baɗi.