Kuɗin Hannu a Gidan Maƙwabci

Asabar, Mabera, bayan sallar isha'i.

Yau na gama haɗa kwamfutar Baba maƙwabcinmu. Aikin kansa awa biyar ya ci, amma maganar nawa zan karɓa kwana huɗu ke nan tana cin raina, tun ranar da kayan suka iso tasha daga Kano.

Baba tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya sai ya fasa bangon zaurensa ya fitar da ɗan shago, yana son autansa ya zauna ciki yana buga takardu, yana yi wa ɗalibai rajista da fitar da sakamako. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, irin wannan shago ba ya rasa masu leƙowa, balle ga 'yan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke zaune a unguwa, kowa da aikin kammala karatunsa. Makonni biyu da suka wuce ya kira ni bayan la'asar, ya miƙo mini kuɗi a ƙunshe cikin leda, ya ce in haɗa masa "wadda ba ta ba yaro wahala". Bai tambayi ladan aikina ba, ni kuma kunya ta hana ni tayar da maganar.

Da safe na so in fara tun kafin rana ta ɗaga, don zafin Sakkwato a wannan watan ba ya jiran azahar. Na shimfiɗa kwali a kan teburin shagon, na jera kaya: madabod (allon da ake dasa sauran kayan a kansa), furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 ƙarni na 8, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda biyu masu giga 8 kowanne, SSD (ma'ajiyar bayanai) mai giga 512, akwatin wuta mai rarraba wa kayan lantarki, da gidan da za a zuba su. Na zaɓi ƙarni na 8 da gangan. Na ƙarni na 6 ko na 7 sun fi araha a kasuwar 'yan hannu, amma Microsoft ta daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga ƙarni na 8 take karɓar waɗannan furosesa na Intel. Ban ga amfanin rage wa dattijo kuɗi yau in bar shi da abin da zai tsufa a hannunsa gobe ba. A akwatin wuta ma ban yi rowa ba. Na ga madabod da yawa da akwatin wuta mai arha ya ƙone, musamman a inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareto sau uku a wuni.

Wurin da hannuna yake rawa kullum shi ne sanya furosesa. Gurbinsa a madabod ɗin nan yana da 'yan allurai 1151, sirara kamar gashi, a tsaye. Ɗaya ta lanƙwashe, wataƙila madabod ta tashi aiki ke nan. Na taɓa ƙarfen ƙofa tukun don in sauke wutar jiki, domin a busasshiyar iska irin tamu ita kaɗai tana iya kashe kaya, sannan na saita alamar kusurwa na ajiye shi a hankali na rufe. A daidai lokacin ne tunanin ya sake dawo mini: da a ce hannuna ya goce, wa zai biya? Ni ne. Ba zan iya duban idon Baba in ce ya ƙaro kuɗi ba. Ashe duk wanda ya karɓi aiki irin wannan ya ɗauki asara a wuyansa tun kafin a ba shi ko sisi, kuma wanda ke tsaye yana kallo ba ya ganin wannan, sukurori kawai yake gani ana ɗaurewa.

Da na kunna kwamfutar karon farko fankoki suka juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi. Autan Baba na tsaye a kaina, na kasa ɗaga ido. Na kashe, na zare ram na sake dannawa sai da na ji ƙas ɗin nan a ɓangarori biyu. Ashe ɗaya ce ba ta zauna ba. Da na sake kunnawa, allo ya kawo haske. Sauran aiki na haƙuri ne: saka Windows, direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa kayan su yi aiki da Windows), manhajar buga takardu, ɗaure wayoyi a gefe don iska ta sami hanya. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, muka jira.

Da azahar na shiga gida cin abinci, Inna ta riga ta san abin da ke damuna. Ta ce, "Kada ka amshi ko kwabo ga mutumen nan. Shi yak kai babanku asibiti cikin dare, ka mance?" Ban manta ba. Ina aji biyu na sakandare lokacin, na tuna hasken fitilar motarsa a ƙofar gida da yadda ya kwana a can bai koma ba sai da gari ya waye. Kuma na san girman haƙƙin maƙwabci, tun muna makarantar allo muke jin hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi (SAW) ya zaci za a ba shi gado. Maganar Inna tana da nauyi, ba ta son zuciya ba ce.

Sai dai ni ma ina da abin da na gani. Shekara uku da suka wuce na haɗa wa wani ɗan'uwanmu kwamfuta kyauta. Daga ranar na zama mai gadinta. Yara su danna abin da bai kamata ba, a kira ni. Linzamin kwamfutar ya mutu, a kira ni. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, bayan na yi ta roƙonsa ya sayi sitabilaiza ya ƙi, labarin da ya zaga dangi shi ne ni na saka masa kayan banza. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Da mun yi magana a fili tun farko, ga abin da na yi, ga inda nauyina ya tsaya, da ba a kai nan ba. Kyautar ce ta sa babu wanda ya iya kafa iyaka, shi yana ganin na ɗauki nauyin abin har abada, ni ina cika ina batsewa a ɓoye.

Na kira abokina mai shago a titin Emir Yahaya. Shi lissafinsa a tsaye yake: kashi 10 cikin 100 na kuɗin kaya. Kayan Baba sun tashi naira dubu 310, ke nan dubu 31. Ya ƙara da cewa wasu ba sa faɗin kuɗin hannu sam, sai su ɗora a kan farashin kaya, mai abu ya tafi yana godiya an yi masa kyauta. Wannan hanyar na ƙi ta tun kafin ya rufe baki. Mutum ya ba ni amanar kuɗinsa a leda, ba zan ci daga ciki ta bayan gida ba. Shi kansa lissafin kashi 10 bai kwanta mini ba, domin wahalar haɗa kwamfuta mai tsada da mai araha kusan ɗaya ce, kuma abokina yana biyan hayar shago da yaran aiki, ni ba na biya.

Na zauna da biro. Awa biyar na yau, wuni guda na neman kaya da ciniki a waya, kuɗin kabu-kabu zuwa tasha da dawowa, datar da na ƙona wajen sauke manhajoji. Da baƙo ne, da dubu 25 zan ce, ba tare da jin nauyi ba. Na rubuta dubu 15, na ja layi a ƙasa na ƙara abu biyu: duk matsalar da ta taso daga haɗawata cikin wata ɗaya gyaranta a kaina; abin da wuta ko ƙura ko hannun yara suka jawo, wannan sabon aiki ne. Koya wa autan kuwa, yadda zai buga takarda da yadda zai riƙa busa ƙura idan hunturu ya shigo, ban sa masa farashi ba, kuma ba zan sa ba.

Bayan magariba na same shi a kan tabarma ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa rasit na kowane kaya da canjinsa, dubu 9 da ɗari 500. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, irin na malamin da ya saba duba takardun jarrabawa. Sannan na miƙa ƙaramar takardar. Bakina ya bushe, na ce, "Baba, wanga shi na kuɗin hannu, in kuma ya yi yawa a rage."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ɗana, tun shekaranjiya nike tsoron ka ce ba ka amsa. In ka yi man kyauta, ran da ta lalace da wane baki zan kira ka? Sai in kai ta wani wuri a ɓoye, kai kuma ka ji haushi." Ya shiga ciki ya fito da kuɗin, ya ƙirga a hannuna, bai nemi ragi ba. Ya ce layin nan na wata ɗaya shi ya fi yi masa daɗi, ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ni duk kwanakin nan kunyata kawai nake aunawa, ban taɓa kawo tasa kunyar a raina ba.

Na sake jaddada masa maganar sitabilaiza, ya ce ranar Litinin.

Inna ba ta gamsu ba. Na ajiye mata dubu 5 a kan faifai na ce ta sa albarka, ta dube su ta ce ta ji abin da Baba ya faɗa, amma ita a zamaninsu ba haka ake yi ba. Har na shigo ɗaki kuɗin na nan inda na bar su. Gobe bayan azahar zan koma shagon in haɗa musu firinta, autan ya ce zai zo da littafi ya riƙa rubuta abin da nake nuna masa.