Ƙunshin da ban kwance ba

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin shagon da na yi shekara huɗu ina buga wa mutane takardu a cikinsa, nan Domayo a Marwa. Mun rabu da patron, wato mai shagon, lafiya, har da addu'a. Amma akwai sefa 20,000 da har yau ke tsaye mini a rai, kuma tunda yawancin 'yan layinmu daga bakinsa suka ji labarin, bari yau su ji daga nawa.

Shekarata ta farko ce, cikin watan Afrilu, lokacin da fanka ma wuta take hurowa. Wata ɗalibar jami'a ta zo da sassafe da kundin kammala karatunta, shafi casa'in da wani abu, malamin da ke duba ta ya bi shi da jan biro tun daga bango har bango. Washegari da safe za ta miƙa. Ta ba ni kile, wato filashin USB, a ciki fayil ɗaya tak mai ƙarewa da .rar, ƙunshi ne da ya haɗa kundin da hotuna da jadawalai a matse. Na danna sau biyu, WinRAR, manhajar kwance irin wannan ƙunshi, ya buɗe, ga sunayen fayilolin a jere. Na sake danna kundin sau biyu, Word ya buɗe shi tsaf. Na duƙufa.

Kada wani ya ce ban yi ta adanawa ba. Duk wanda ya yi aiki a garin nan ya san halin wutarmu, don haka yatsana bai yi minti biyar bai taɓa Ctrl da S ba. Tun ƙarfe takwas nake kai, ban tashi ba sai salla, ko abincin rana a kan tebur na ci. Ita kuma tana gefe a kan benci, tana karanto mini wuraren da rubutun malamin ya gagare ni. Bayan la'asar, saura shafi shida, wuta ta ɗauke. Akwatin batirin da ya kamata ya riƙe kwamfutar ko na minti biyar ne ya daɗe da mutuwa. Allon ya yi baƙi. Na juya na ce mata, "Malama, kwantar da hankalinki, duk na adana."

Da wuta ta dawo na buɗe kilen. Ga kundin nan yadda ta kawo shi da safe, ko waƙafi ɗaya bai canja ba. Na rufe na sake buɗewa. Na cire kilen na hura masa iska na mayar, kamar ƙura ce ta ci aikin.

Wani dattijo mai gyaran kwamfuta a bayan layinmu shi ya warware mini, bayan na je masa a guje. Ya ce, "Ɗana, buhun da aka ɗinke bakinsa ka taɓa auna hatsi a cikinsa?" Sunayen da WinRAR ke nuna maka jerin abin da ke cikin ƙunshin ne kawai. Idan ka danna fayil daga nan, kwafinsa yake zarowa ya ajiye a wani ɓoyayyen wurin wucin gadi da ake kira Temp, cikin jakar da sunanta ke farawa da Rar$. Duk adanawar da na yi tun safe can take tafiya. Sai ka rufe Word sannan WinRAR zai tambaye ka ko a mayar da gyaran cikin ƙunshin, ni kuwa wuta ba ta bar ni na kai nan ba. Ya ce ko a hakan da sauran fata, mu je a duba Temp ɗin. Da ya zauna gaban kwamfutar, ya ga wani ɗan tambarin kan farin beyar a ƙasan allo, sai ya girgiza kai. Deep Freeze ne. Patron ya sa shi saboda cututtukan da kile-kilen mutane ke kwasowa, kuma aikinsa shi ne duk lokacin da aka sake kunna na'ura ya mayar da faifan C, inda Temp ɗin yake zaune, yadda yake tun ranar da aka daskarar da shi. Temp ya tafi, ajiyar gaggawa ta Word ma ta bi shi.

Laifina na amsa shi tun a daren, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ban amsa ba shi ne yadda patron ya tsaya a gaban ɗalibar da sauran masu jiran fotokopi yana cewa, "Kai yaro, wa ya ce maka ka iya kwamfuta?" Shi da kansa ya nuna mini buɗe ƙunshi haka ranar da na fara aiki. Bai taɓa gaya mini an daskarar da faifan ba. Batirin nan sau biyu ina yi masa maganarsa. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri," don ba a musu da mai biyanka a gaban jama'a. Ita kuwa baiwar Allah cewa kawai ta yi, "Malam, ba komai, haka Allah ya ƙaddara." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kwana a shagon. Yayanta ya zo ya tafi da ita bayan isha'i, ta bar mini takardun masu jan biro, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya har aka kira asuba. Ta miƙa a kan lokaci. Patron ya karɓi kuɗin aikinta cif, ko dala bai rage mata ba, sannan a ƙarshen wata ya zaftare 20,000 daga albashina, wai na ɓata sunan shago. Har yau ban gano aljihun wa ya yi asarar da aka cire mini ba.

Tun daga ranar ban ƙara taɓa fayil a cikin ƙunshi ba. Ina fara kwafo shi daga kile zuwa faifan D, wanda ba a daskarar ba, in danna dama, in zaɓi "Extraire vers" don ya buɗe wa kansa jaka. "Extraire ici" kuwa na bar wa masu son ganin hotunan biki ɗari uku sun watsu a fuskar kwamfuta. Kuma na koma 7-Zip, wanda Igor Pavlov ya fitar a 1999, kyauta ne kuma yana kwance zip da rar duka. WinRAR na shagonmu kwana 40 na gwaji aka ba shi, amma shekara huɗu yana roƙon a biya shi kowace safiya, ana rufe masa baki. Yanzu ma Windows 11 tun 2023 yana buɗe rar da kansa, sai dai tsofaffin na'urorinmu ba su kai can ba.

Sauran abubuwan a hankali suka zo. In ƙunshi ya zo gunduwa-gunduwa, part1, part2, part3, sai duk sun taru a jaka ɗaya sannan a fara daga na farko. In ya ce kuskuren CRC, galibi saukowa ce ta yanke a hanya, a sake saukewa ya fi a tsaya zargin manhaja. Kilen da ke kan tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4 ko da fili ya yi yawa. Sunan fayil mai é ko ƙ kan fito a hargitse, amma abin da ke ciki lafiya lau. Masu haɗa dosiyen jarrabawar shiga aiki kullum sai sun ce a matse musu hotunan takardunsu a zip don su ragu, alhali hoton JPEG a matse yake tun asali. Wanda ya manta kalmar sirrin ƙunshinsa, ina gaya masa gaskiya ya koma wurin wanda ya aiko. Fayil kuma da ya fito daga ƙunshi da suna mai ƙarewa da .pdf.exe, ko na liman ne ba na buɗewa, don manhaja ce ta fake da sunan takarda.

Abu ɗaya da nake ɗan taƙama da shi: dattijon nan ya nuna mini cewa fayil ɗin Word mai ƙarewa da .docx shi kansa ƙunshin zip ne aka canja wa suna. Bara wani malamin makaranta ya zo da takardar da Word ya ƙi buɗewa sam. Na yi kwafi, na mayar da ƙarshen sunan .zip, na kwance, na ciro masa hotunansa duka daga jakar media da mafi yawan rubutun. Patron yana tsaye a bayana. Da mutumin ya gama godiya, sai ya dafa kafaɗata ya ce masa, "Ai ni na koya masa."

Yaron da zai gaje ni ya fara zuwa sati biyu kafin in tafi. Ranar farko na zaunar da shi, na sa ya kwance ƙunshi sau goma a gabana, na nuna masa tambarin beyar, na nuna masa faifan D. Ya tambaye ni amfanin baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Na ce batiri ne, ya tambayi Alhaji.